Tallafin fitar da na'urar awon teku daga gwaji zuwa aikin yau da kullum: me ake nema a takardar?

Ɗalibin Teku ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar sa ido a kan teku da gaɓarsa, musamman waɗanda suka taɓa neman tallafin kuɗi daga hukumar kula da teku da yanayi ta Amurka, wato NOAA, ko kuma suka taɓa zama cikin masu tantance takardun neman irin wannan tallafi.

Ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke gaɓar teku a Amurka, kuma rukuninmu ya ƙera wata na'ura mai auna sinadarin naitiret (irin wanda takin gonaki ke kawowa cikin ruwa) da iskar oksijin a bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da ruwan gishiri. Na'urar ta yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ta kuma yi aiki da muka rataye ta a jikin gadar da ƙananan jiragen ruwa ke tsayawa a lokacin zafin da ya wuce, sakamakonta bai yi nisa da na samfurin ruwan da muka riƙa ɗiba da hannu muna aunawa ba. Ganin haka ne shugaban rukuninmu ya ce mu nemi tallafin da ofishin IOOS, mai haɗa ayyukan sa ido a kan tekun Amurka a ƙarƙashin NOAA, ke bayarwa domin kai fasahar awon teku ga masu aiki da ita, ya kuma ɗora mini rubuta daftarin farko.

Da na zauna rubutun sai na ga abin da ke fitowa daga alƙalamina bai bambanta da takardar neman tallafin bincike ba: ga matsala, ga abin da magabata suka yi, ga sabon abin da muka zo da shi. Jikina yana ba ni cewa ba haka ake so ba. Shin mene ne ainihin bambancin wannan tallafi da na bincike, kuma da wane ma'auni ake gane cewa na'ura ta isa a nema mata shi? Akwai kuma abin da ya fi damuna, wato wanda zai ci gaba da ɗaukar nauyin na'urar idan wa'adin tallafin ya ƙare, domin ni dai zan kammala karatu in tafi, shugabanmu kuma hankalinsa zai koma kan wani binciken. Ina godiya ga duk wanda ya ba ni lokacinsa.

Injiniyan Na'urori ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Jikinka bai yi maka ƙarya ba. Tallafin bincike yana tambaya ne ko abu zai yiwu, kuma ko an gwada bai yiwu ba, an ƙaru da ilimi, ana iya rubuta maƙala a kai. Wannan kuwa ya riga ya ɗauka cewa abin ya yiwu. Abin da yake son sani shi ne ko wani mutum dabam, wanda bai ƙera na'urar ba kuma bai san ka ba, zai iya karɓarta ya girka, ya kula da ita shekara da shekaru, har ya dogara da abin da ta faɗa wajen yanke hukuncin da zai shafi lafiyar jama'a ko dukiyarsu.

Ma'aunin da ka tambaya yana nan, kuma tsoho ne. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ita ta fara shi a shekarun 1970, daga baya ya zama matakai tara, NOAA ta yi nata irinsa, Tarayyar Turai ma ta ɗauke shi a shirinta na Horizon 2020. Matakan farko na binciken asali ne da tabbatar da cewa dabarar tana da tushe, na tsakiya na gwaji ne a ɗaki sannan a wurin da ya yi kama da inda za a yi aikin. A mataki na takwas ana so a ga kammalallen tsari yana aiki a wurin mai amfani da shi, an rubuta littafin aiki, an horar da ma'aikata. Na tara shi ne lokacin da abin ya zama aikin kullum. Bisa ga bayaninka, na'urarku tana wajen mataki na biyar ko na shida, kuma shawarata ita ce ku faɗi hakan yadda yake. Masu tantancewa sun ga takardu da yawa da suka ɗora kansu a mataki na bakwai saboda gwajin wata uku, kuma da zarar sun kama ƙari a wuri guda, sauran takardar ma sai su karanta ta da shakka.

Dalilin da ya sa gwajin lokaci guda bai isa ba shi ne teku yana cin kaya ta hanyoyin da ɗakin gwaje-gwaje ba ya nunawa. Babbar matsala ita ce halittun da ke manne wa duk abin da aka sa a ruwa. Cikin 'yan kwanaki wani yauƙi na ƙwayoyin halitta zai rufe gilashin na'urar, gansakuka ta biyo baya, sannan ƙananan halittu masu ɓawo su kafa gida, kuma a ruwan bakin kogi mai ɗumi da yalwar abinci abin ya fi sauri. Ana yaƙar wannan da jan ƙarfe, ko da ɗan burushi mai share gilashi kafin kowane awo, ko da hasken da ke kashe ƙwayoyin, amma kowace dabara tana cin batir ko tana ƙara wani ɓangare mai motsi da zai iya lalacewa. Bayan haka akwai gocewar awo a hankali, wadda ba a ganin ta sai an kwatanta da samfurin da aka auna a ɗaki. Idan taku tana auna naitiret ne ta hanyar hasken da sinadarin ke sha, to ka san cewa biromaid da ke cikin ruwan gishiri yana shan haske a kusan wuri ɗaya, haka ma ruɓaɓɓen ganyen da ke rina ruwan kogi, kuma a bakin kogi yawan gishiri yana sauyawa da kowace cika da janyewar teku. Dole takardarku ta nuna kun gwada gyaran lissafin a dukkan waɗannan yanayi, ko kuma ta ce wannan yana cikin abin da za a yi da kuɗin. Sai ƙananan abubuwan da ba a rubuta maƙala a kansu: mahaɗin waya da ke yin tsatsa, robar hana ruwa shiga da ke tsufa, manhajar da ke tsayawa tsakar dare ba wanda zai tayar da ita, da kuɗin aika bayanai ta tauraron ɗan'adam idan wurin ba ya samun layin wayar salula.

Misalin da nake so a irin wannan magana shi ne tsarin DART na gano tsunami. Ɗakin binciken NOAA da ke Seattle ne ya ƙera shi: na'urar auna nauyin ruwa tana zaune a ƙasan teku, tana aika saƙo ta sauti zuwa ga wata na'ura da ke shawagi a sama, ita kuma ta miƙa wa tauraron ɗan'adam. A shekarar 2001 tashoshi shida ne kawai. A 2003 aka miƙa kula da su ga cibiyar NOAA da aikinta shi ne girka irin waɗannan na'urori a teku da gyara su, kuma a watan Nuwamba na wannan shekarar bayanansu suka taimaka aka janye gargaɗin tsunami a Hawaii ba tare da an kwashe mutane a banza ba. Bayan tsunamin tekun Indiya na 26 ga Disamba 2004, wanda ya hallaka mutane kusan 230,000, aka faɗaɗa tsarin har ya kai tashoshi 39 a 2008. Da ba a riga an miƙa shi hannun masu aikin kullum ba, da kuɗin da ya zo bayan bala'in bai sami inda zai sauka cikin sauri ba.

Mai Tantancewa ta rubuta:

Injiniya ya gama magana a kan na'ura, don haka ni zan tsaya a kan takardar, kasancewar na taɓa zama cikin masu karanta irinta.

Malam Ɗalibi, ka fara da sanin wanda kake rubuta wa. IOOS tsari ne na haɗa ayyukan sa ido a kan teku da gaɓa da manyan tafkunan Amurka, majalisar dokokin ƙasar ta ba shi gindin zama da doka a 2009, kuma yana aiki ta hannun ƙungiyoyin yanki goma sha ɗaya da suka raba gaɓar ƙasar a tsakaninsu, har da Alaska da tsibiran Fasifik da yankin Karebiyan. Waɗannan ƙungiyoyi su ne ke riƙe da na'urori da rumbun bayanai da dangantaka da masu amfani a kowane yanki. Takardar da ba ta da ɗaya daga cikinsu a matsayin abokiyar aiki ta gaske tana shiga gasar ne da rauni, domin mai karatu zai tambayi kansa ta wace ƙofa na'urar za ta shiga tsarin.

Abin da nake fara nema a takarda shi ne mai amfani, da hukuncin da yake yankewa, da lokacin da yake bukatar bayanin. Jimla irin ta "wannan na'ura za ta amfani masu kula da albarkatun ruwa" ba ta gaya mini komai. Ina son in ga an ce ga ofishin da ke bibiyar ƙarancin oksijin a wannan mashigi, yanzu yana ɗiban samfuri sau kaza a wata, yana samun sakamako bayan kwana kaza, saboda haka ba ya ganin abin da ke faruwa bayan ruwan sama mai ƙarfi ya wanko takin gonaki. A fagenku bukatar a fili take. Tun 1985 ake auna yankin da oksijin ke ƙarewa a arewacin tekun Meziko saboda sinadaran da kogin Mississippi ke kawowa, kuma a 2017 faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 22,000. Amma girman matsala a duniya ba ya maye gurbin ofishi guda da ya ce zai karɓi na'urarku.

A nan wasiƙun goyon baya ke shigowa, kuma iri biyu ne. Akwai wadda ke cewa aikin yana da muhimmanci, muna yi masa fatan alheri. Irin wannan kowa yana iya samu, kuma ba ta da nauyi. Akwai kuma wadda ke cewa za mu ba da wurin girkawa, ma'aikacinmu zai riƙa zuwa duba ta, za mu sa bayanan a shafinmu, kuma idan ta cika sharuɗɗa kaza za mu shigar da kula da ita cikin kasafinmu. Guda ɗaya ta irin wannan ta fi goma na farkon.

Ayyukan da suka yi nasara kusan duk haka suka faro. Lokacin da 'ya'yan kawa suka riƙa mutuwa a wurin ƙyanƙyasa na Whiskey Creek a jihar Oregon a shekarun 2007 da 2008, an gano cewa ruwan da ke tasowa daga zurfin teku yana ɗauke da tsami fiye da yadda ƙananan halittun za su iya gina ɓawo a cikinsa. Na'urar da Burke Hales na jami'ar jihar Oregon ya ƙera domin auna sinadaran kabon a ruwa ta shiga wuraren ƙyanƙyasa ne saboda masu sana'ar da kansu suna jiran ta, suna son sanin sa'ar da za su zuƙo ruwa da sa'ar da za su yi masa magani. Haka ma na'urar IFCB, wadda Heidi Sosik da Robert Olson suka ƙera a cibiyar Woods Hole, mai ɗaukar hoton ƙananan tsirran ruwa ɗaya bayan ɗaya. A farkon 2008 wadda aka girka a Port Aransas a jihar Texas ta hango yaɗuwar wata gansakuka mai dafi, hukumomin lafiya suka rufe kamun kawa kafin mutane su ci. Daga irin wannan rana ba a sake tambayar amfanin na'ura.

Sai maganar bayanai, wadda masu ƙira kan bar ta zuwa shafin ƙarshe. IOOS tana da littattafan QARTOD da suka tsara gwaje-gwajen da ake yi wa bayanai suna shigowa, kamar gano adadin da ya yi tsalle ba dalili, ko wanda ya tsaya cak bai motsa ba, ko wanda ya wuce iyakar da zai yiwu, sannan a lika wa kowane adadi alamar ingancinsa. Ku nuna kun san su, ku ware mutum da kuɗi domin wannan aiki, ku kuma bayyana yadda bayanan za su isa rumbun ƙungiyar yanki a tsarin da kwamfutocinsu ke karantawa.

A kasafin kuɗi ina sa ran ganin tafiye-tafiye zuwa wurin girkawa, hayar kwale-kwale, kayan gyara, na'ura ta biyu da za ta maye gurbi idan an ciro ta farko domin saitawa, rubuta littafin aiki, da horar da ma'aikatan da za su karɓa. Idan na ga mafi yawan kuɗin ya tafi ga ƙara wa na'urar wani sabon awo, na san takardar bincike ce aka sauya wa riga. Ka kuma tuntuɓi ofishin jami'arku mai kula da tallafi tun yanzu, domin ta shafin Grants.gov ake miƙa takardar, jami'a ce ke miƙawa ba kai ba, kuma ofishin yana da nasa wa'adin da ke riga na gwamnati.

Tsohon Ma'aikacin Jirgi ya rubuta:

Ban ƙi ko ɗaya daga abin da Injiniya da Malama suka faɗa ba, amma ina ganin sun taɓa tambayarsa ta ƙarshe ne sama-sama, alhali ita ce mai wuyar. Irin wannan tallafi bai cika wuce shekara uku ba, na'ura kuwa ana so ta yi shekara ashirin tana aiki, kuma a ganina babu wata takarda, komai kyanta, da za ta cike wannan tazara. Sayen doki ba shi ne wahala ba, harawar kullum ce.

A duba tsarin TAO a tsakiyar tekun Fasifik. An gina shi ne bayan El Nino na 1982 zuwa 1983, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke sauya yanayin duniya, ya zo ba tare da masana sun ankara ba, aka kammala shi a 1994 da na'urori kusan 70 da aka ɗaure da anga a kan layin da ya raba duniya biyu da kewayensa, kuma hasashen yanayi na duniya baki ɗaya ya dogara da shi. Ya wuce duk matakai taran da Injiniya ya lissafa, an kuma miƙa shi ga masu aikin kullum. Duk da haka, da aka ajiye jirgin da ke zagayawa yana gyara su a 2012 saboda matsin kasafi, cikin shekara biyu bayanan da ke shigowa suka yi ƙasa da rabi, sai da masana suka yi ta kuka kafin a farfaɗo da shi. A Indonesiya abin ya fi muni. Bayan bala'in 2004 ƙasashe sun taimaka an girka na'urorin gano tsunami 22, amma da tsunami ya afka wa birnin Palu a watan Satumba na 2018, kakakin hukumar agajin gaggawa ta ƙasar ya bayyana cewa tun 2012 babu wadda ke aiki, wasu an lalata su, wasu an sace, kuɗin gyara kuma babu. Ko shirin Argo, da ake yi wa kallon abin koyi, mai na'urori kusan 4,000 da ke nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 su taso duk bayan kwana goma, sai an zuba ɗaruruwan sababbi kowace shekara domin batirinsu shekara huɗu ko biyar yake yi, kuma a ƙasashe da dama har yanzu daga kuɗin bincike na ɗan wa'adi ake biya.

Abin da ya sa haka ba ɓoyayye ba ne. Ƙaddamar da sabon abu yana da biki da hoto, amma zuwa kankare gansakuka daga jikin na'ura a wata na arba'in babu mai yabon wanda ya sa hannu a kan kuɗinsa. Don haka shawarata gare ka, ɗana, ita ce ka lissafa abin da tasha guda za ta ci a shekara, da albashin mai zuwa dubawa, da man kwale-kwale, da sinadaran saitawa, da asarar na'urar da guguwa za ta tafi da ita ko jirgi ya take, ka rubuta adadin a fili ko da ya ba ka tsoro. Sannan ka mayar da rage wannan adadi ya zama babban burin aikin. Idan yanzu sai an je duba ta duk mako biyu, ku sa burin ya zama duk wata biyu. Idan sai mai digiri ne zai iya saita ta, ku sake tsarin yadda ma'aikaci zai cire wani sashe ya sa wani a kan kwale-kwale mai tangaɗi, hannunsa a jiƙe. Kuma kada ku gina sabuwar tasha inda akwai tsohuwa da ake zuwa dubawa; ku roƙi wuri a jikinta.

Ɗalibin Teku ya rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, lissafin da ka ce a yi zan fara da shi, domin a gwajinmu ni ne nake zuwa share gilashin, kuma ba a taɓa sa wannan lokaci cikin kuɗin na'urar ba.

Bayananku sun haifar mini da wata tambayar. Idan ƙungiyar yanki ta amince ta karɓa, wa zai riƙa ƙera na'urorin? Ɗakin gwaje-gwajenmu zai iya haɗa uku ko huɗu, amma ba zai iya zama masana'anta ba. Shugabanmu yana tunanin kafa ƙaramin kamfani, wasu kuma suna ganin gara a ba wani kamfanin da ya riga ya kafu lasisi. Ina kuma son jin gaskiya game da matsayina, ko irin wannan aiki yana taimakon mai neman digiri ko yana ja masa baya.

Mai Tantancewa ta rubuta:

Kafin in amsa, ina da ɗan ja da Baba. Misalansa gaskiya ne, amma akwai na ɗaya gefen. Na'urorin rada da ake girkawa a bakin teku suna auna tafiyar ruwan da ke saman teku, wasu har zuwa nisan kilomita 200, sun daɗe a hannun jami'o'i a matsayin kayan bincike. Tun 2009 rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ke shigar da bayanansu cikin manhajar da take lissafa inda ruwa zai kai mutumin da ya faɗa teku, kuma a 2012 taron duniya kan rabon zangon rediyo ya keɓe musu nasu zangon. Da abu ya shiga cikin aikin ceton rai, yanke kuɗinsa ya zama da wuya, ko da yake masu kula da su har gobe suna kukan tsufan kayan. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne kuɗin kullum yakan bi na'urar da wani ofishi ba zai iya aikinsa ba sai da ita, kuma shekarun tallafin dama ce ta sa ofishin ya saba da ita har ya kai ga haka.

Game da ƙira, dokar Bayh-Dole ta 1980 ta ba jami'o'in Amurka damar mallakar abin da aka ƙirƙira da kuɗin gwamnatin tarayya, saboda haka maganar lasisi ba a hannun shugabanku kaɗai take ba, ofishin jami'a mai kula da haƙƙin ƙirƙira yana da ta cewa, kuma gara a je masa kafin a rubuta wani alkawari a takarda. Ni na fi karkata ga kamfanin da ya kafu. Kasuwar na'urorin teku ƙarama ce, masu saye kaɗan ne kuma mafi yawansu hukumomi ne masu jinkirin sayayya, sabon kamfani mai kaya ɗaya tak yana iya mutuwa yana jiran oda. Wanda ya kafu yana da masu gyara, da hanyar sayarwa, da wanda zai ɗaga waya idan na'ura ta tsaya. IFCB ɗin da na ambata ta yaɗu ne bayan kamfanin McLane ya karɓi ƙera ta. Idan kuma shugabanku ya nace a kan nasa kamfanin, akwai shirin SBIR da aka kafa a 1982 domin ƙananan kamfanoni masu fasaha, NOAA ma tana cikinsa, kuma ya fi dacewa da wannan ɓangare na aikin.

Matsayinka kuwa, zan gaya maka ba tare da kwana-kwana ba. Littafin aiki da horar da ma'aikata ba sa zama babi a kundin digiri, kuma kwamitinka maƙalu zai ƙirga. Ka zauna da shugabanku tun kafin a miƙa takardar, ku amince a kan sashen da zai zama naka na ilimi, misali kwatanta awon na'urar da na ɗaki a tsawon shekara guda cikin gishiri mabambanci, wanda ana iya wallafawa, sannan a sa albashin injiniya ko ma'aikacin fasaha a kasafin domin sauran. Idan kana da niyyar aiki a hukuma ko a kamfani bayan karatu, wannan gogewa za ta yi maka rana fiye da maƙala ta huɗu.

Injiniyan Na'urori ya rubuta:

Ƙari ɗaya a kan abin da Malama ta faɗa. Kamfani ko hukuma ba za su gamsu da sakamakon da ku da kanku kuka auna ba, don haka ku sa gwajin wani mai zaman kansa cikin shekarar farko ta aikin. Ƙungiyar Alliance for Coastal Technologies ta daɗe tana irin wannan gwaji, tana girka na'urorin masu ƙira daban-daban a wuri guda tana wallafa sakamakon. Ita ce ta gudanar da gasar na'urorin auna sinadaran taki a ruwa da aka buɗe a ƙarshen 2014 tare da hukumomin tarayya, inda aka nemi na'urar da farashinta bai kai dala 5,000 ba kuma za ta yi wata uku a ruwa ba tare da an taɓa ta ba. Ka nemi rahotannin wannan gasa ka karanta, domin na'urorin naitiret na cikin waɗanda aka gwada, za ka ga inda kowace ta gaza da kuma yadda aka tsara gwajin. Ka auna taku da waɗannan sharuɗɗa biyu, ka sa sakamakon a shafin farko na daftarin, sannan ka kai wa ƙungiyar yankinku su karanta kafin shugabanku ya sa hannu.